Hayar Mota A Ƙasashen Waje: Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu

Kowace shekara ma'aikatan gwamnati da ɗalibai masu ɗimbin yawa sukan bar ƙasar nan zuwa ƙasashen waje, wasu don halartar taro ko kwas na 'yan makonni, wasu kuwa don ƙaro ilmi na shekaru. Da zarar mutum ya sauka a babban filin jirgin sama irin na Heathrow a Landan ko na Dubai, ya gama da jami'an shige da fice, ya ɗauki kayansa, zai tarar da kantocin kamfanonin ba da hayar mota a jere, kowanne da allonsa mai nuna farashi mai rahusa. Wanda ya saba da tuƙa kansa a Kaduna ko Kano, ya kuma ji labarin tsadar tasi a waɗannan birane, nan da nan sai zuciyarsa ta raya masa cewa ga mafita ta samu.

Sai dai kuma abin da ake kira hayar mota a can ya sha bamban da wanda aka sani a gida. A nan idan mutum ya ɗauki shatar mota, da direbanta ake ba shi, kuma duk abin da ya same ta a hanya tsakanin direba ne da maigidansa. A can kuwa makulli ake miƙa wa mutum, bayan ya sa hannu a wata doguwar takardar yarjejeniya wadda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, daga wannan lokaci kuma motar da duk laifin da aka yi da ita suna wuyansa har ranar da ya mayar.

Wannan sana'a ta haura shekara 100 da kafuwa. Kamfanin Sixt ya fara a birnin Munich na Jamus a 1912. A 1918 wani saurayi mai suna Walter Jacobs ya soma ba da hayar motoci 12 ƙirar Ford a Shikago ta Amurka, sa'an nan a 1923 John Hertz ya sayi kamfanin, wanda har yau da sunansa ake kiransa. Warren Avis ne ya kai sana'ar filin jirgin sama a 1946, kusa da birnin Detroit, Europcar kuma aka kafa shi a Paris a 1949. Kamfanonin da suka daɗe haka suna cuɗanya da baƙi sun riga sun san kowace irin gardama da abokin ciniki zai iya kawowa, sun kuma tanadi amsarta a cikin takardar da suke ba shi ya sa wa hannu.

Batun lasin

Abu na farko da akawun kamfani zai nema shi ne lasin tuƙi na ƙasar mutum, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Galibin kamfanoni sukan so a ce lasin ya kai aƙalla shekara ɗaya a hannun mai shi, wasu ma shekara biyu. Hoton lasin ko kwafinsa ba ya amfani, sai na ainihi.

Bayan wannan akwai takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane da yawa suka yi wa mummunar fahimta. Ita wannan takarda fassara ce kurum ta lasin gida zuwa harsuna da dama, don ɗan sandan da bai iya harshen da aka rubuta lasin da shi ba ya gane abin da aka yarje wa mai ita ya tuƙa. Ba ta aiki ita kaɗai, tilas a nuna ta tare da lasin gida, kuma a ƙasar da ta ba da lasin ake karɓarta tun kafin a tashi. Asalinta yarjejeniyoyi ne guda uku da ƙasashen duniya suka ƙulla: ta Paris a 1926, da ta Geneva a 1949, da ta Vienna a 1968. Wadda aka bayar bisa yarjejeniyar 1949 shekara ɗaya take yi, ta 1968 kuwa tana iya kaiwa shekara uku. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙasar Japan, alal misali, irin ta 1949 take karɓa. Ƙasar Sin kuwa ba ta karɓar ko ɗaya, baƙo sai ya nemi izinin wucin gadi daga hukumomin can.

Ɗalibai su ne suka fi faɗawa cikin tarkon wa'adi. A Birtaniya baƙo yana iya tuƙa ƙaramar mota da lasin ƙasarsa har tsawon wata 12. Wanda ya je zama, kamar ɗalibin da zai yi shekara uku, da cikar wata 12 ɗin nan lasinsa na Nijeriya ya daina aiki a can, kuma da yake Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake musanya lasinsu kai tsaye da na Birtaniya, dole ne ya zauna jarrabawar tuƙi kamar sabon ɗan koyo. A Jamus wa'adin wata shida ne daga ranar da mutum ya fara zama. Wanda ya ci gaba da tuƙi bayan wa'adi, a idon shari'a ba shi da lasin, inshorar motar kuma ba za ta kare shi ba.

Shekarun haihuwa da katin banki

Yawancin kamfanoni ba sa ba da mota ga wanda bai kai shekara 21 ba, wanda kuma bai kai 25 ba sukan ɗora masa ƙarin kuɗi a kowace rana, saboda ƙwarewar da suka yi cewa matasa sun fi yin haɗari. Wannan ƙari wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin hayar kanta, ba kuma safai ake rubuta shi a allon talla ba.

Babban abin da ya fi mayar da matafiya daga bakin kanta hannu rabbana shi ne katin banki. Kamfani ba ya sakin motarsa sai ya riƙe wani adadi a katin mai haya a matsayin jingina, wanda yakan kai ɗaruruwan daloli, a wasu wurare ma ya haura dubu. Kuɗin ba a cire su ba, amma mai katin ba shi da ikon taɓa su har sai ya mayar da mota, wani lokaci kuma sai an ƙara mako biyu ko fiye kafin banki ya sake su. Kamfanoni sun fi son katin bashi, wato wanda banki ke biya a madadin mutum ya bi shi daga baya, alhali kuwa abin da yawancin 'yan Nijeriya ke riƙe da shi katin cirar kuɗi ne daga ajiyarsu. Wasu rassan suna karɓar irin wannan da ƙarin sharuɗɗa, wasu ba sa karɓa sam. Tsabar kuɗi kuwa ba a cika sauraronsu ba, kome yawansu. Haka kuma dole sunan da ke jikin katin ya zama shi ne na wanda zai tuƙa motar, saboda haka katin abokin tafiya ba zai fisshe shi ba.

Tun daga 2022 bankunan Nijeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin kuɗin musaya, a 2025 kuma wasu suka dawo da shi tare da ƙayyade abin da za a iya kashewa. Ma'aikacin da aka ba shi kuɗin guzuri na kwana goma, idan jinginar mota ta cinye rabinsu tun a ranar farko, da me zai biya masauki? Tambaya ce da ta kamata ya kai wa bankinsa da reshen kamfanin da zai karɓi mota tun yana gida, ya kuma nemi amsa a rubuce.

Inshora, inda gizo ke saƙa

A nan ne farashin da aka gani a allo yake rikiɗewa. Inshorar motar haya kashi-kashi ce, kowane kashi kuma da abin da yake karewa. Akwai wadda ke biyan diyyar wasu mutane idan mai haya ya ji musu rauni ko ya lalata dukiyarsu. A ƙasashen Turai wannan tilas ce, tana cikin kuɗin haya. A Amurka kuwa abin ya danganta da jiha, kuma mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta a jihohi da yawa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da tsadar asibiti da ta shari'a a ƙasar, don haka baƙon da ba shi da wata inshora tasa ya kamata ya sayi ƙari a kan wannan kashi kafin kowanne.

Kashi na biyu shi ne wanda ya shafi lalacewar motar hayar kanta, wanda a takardun kamfanoni ake taƙaita sunansa da haruffa uku, CDW. Ma'anarsa kamfani ya yafe wa mai haya biyan ɓarna, amma ba duka ba. Akan bar wani adadi na farko a wuyansa. A ɗauka an rubuta wannan adadi yuro 1,000. Idan aka ƙuje ƙofa, gyara ya ci yuro 400, mai haya ne zai biya 400 ɗin gaba ɗaya. Idan motar ta yi kwatsa-kwatsa, asara ta kai yuro 15,000, zai biya 1,000, kamfani ya ɗauki saura. Ke nan ƙananan ɓarna, waɗanda su ne aka fi yi, kusan kullum daga aljihun mai haya suke fita. Daɗin daɗawa, sau da yawa wannan yafiya ba ta haɗa da taya, da gilashi, da ƙarƙashin mota, da rufinta, da ɓatar da makulli ba.

Saboda haka ne akawun kamfani zai yi ta lallashin mutum ya sayi ƙarin kariya wadda za ta soke wancan adadi ko ta rage shi. Kariyar tana da amfani, amma a bakin kanta aka fi tsawwala kuɗinta, a daidai lokacin da matafiyi ya gaji, ga layi a bayansa, ga kuma kunyar a ce ya tsaya ciniki. Akwai kamfanonin inshora masu zaman kansu da ke sayar da irin wannan kariya da rahusa ta intanet, sai dai su tsarinsu shi ne mai haya ya fara biyan kamfanin mota, daga baya ya kai musu rasit su mayar masa. Wanda ba shi da rarar kuɗi a katinsa gara ya sayi ta kamfanin motar ya huta.

Akwai wata ɗabi'a ta kirki da Bahaushe ya tashi da ita wadda a nan take jawo asara. A gida idan aboki ya ce a ba shi makulli ya je kasuwa ya dawo, hana shi rowa ce. A motar haya kuwa, duk wanda ba a rubuta sunansa a yarjejeniya ba, ba shi da izinin taɓa sitiyari, kuma idan ya yi haɗari kariyar da aka saya ta rushe, asarar motar duka ta koma kan wanda ya sa hannu. A Birtaniya tuƙi ba tare da inshora ba laifi ne da ake cin tarar fam 300 a kansa tare da maki shida a lasin, 'yan sanda kuma suna da ikon kama motar. Ɗalibai huɗu da suka yi karo-karo suka ɗauki mota don yawon hutu, in dai za su riƙa karɓar juna a hanya, to a rubuta sunan kowa, a biya ɗan abin da aka yanka na ƙarin direba.

Kafin a tayar da mota, wajibi ne a zagaya ta a tsanake, a duba bamba da ƙofofi da tayoyi da gilashi, a ɗauki hotonta ta kowane gefe da wayar hannu, har da allon da ke nuna yawan mai da nisan tafiya. Duk ƙujewar da ba ta cikin takarda a koma a sa ma'aikaci ya rubuta ta, ko da kuwa ruwa ake yi, ko dare ya yi. Wanda ya zaɓi mota mai giyar hannu saboda arha, kamar yadda aka saba a Turai, ya tabbata ya iya ta. A Amurka kusan duk motocin haya masu canja giya da kansu ne.

Hannun hagu da hannun dama

Dattawa za su tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da ƙasar ta koma hannun dama don ta dace da maƙwabtanta rainon Faransa. Ghana ta bi sahu a watan Agusta na 1974. Duk direban da ya koyi tuƙi bayan wannan lokaci hannun dama ne ya zauna masa a jiki. Saboda haka ba zai ji baƙunci ba a Sa'udiyya, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Masar, da Turkiyya, da Faransa, da Jamus, da Amurka. Amma Birtaniya, da Indiya, da Pakistan, da Maleshiya, da Japan, da Kenya, da Afirka ta Kudu, waɗanda duk wurare ne da 'yan Nijeriya ke zuwa karatu ko kwas, a hagu suke tuƙi. A can sitiyari yana dama, giya tana hannun hagun direba, shataletale kuma ta hagu ake shigarsa, ana ba wanda ya taho daga dama hanya.

Haɗarin ba a cikin cunkoso ya fi yawa ba, domin a nan mutum bin na gabansa yake yi. Ya fi yawa a kan hanyar da ba kowa, da sassafe ko da dare, ko lokacin fitowa daga gidan mai, sa'ad da hankali ya tafi wani wuri, hannu kuma ya koma ga abin da ya saba. A watan Agusta na 2019 wata Ba'amurkiya da ba ta daɗe da zuwa Ingila ba ta fito daga sansanin sojan sama na Croughton, ta bi hannun dama kamar yadda ta saba a ƙasarta, ta yi karo da wani saurayi ɗan shekara 19 a kan babur, ya rasu. Maganar ta zama rikicin diflomasiyya tsakanin ƙasashen biyu, sai a 2022 kotu ta yanke mata hukunci. Wanda ya kwana a jirgi ya sauka da gajiya, bai kamata ya karɓi mota a ranar ba a ƙasar da hannunta ya saɓa da nasa.

Ma'aunin gudu ma yakan rikita baƙo. Birtaniya da Amurka da mil suke auna hanya, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6. Iyakar gudu a manyan titunan Birtaniya mil 70 ce a awa, wato kimanin kilomita 113, a cikin gari kuma galibi mil 30, ban da yankin Wales inda aka mayar da ita mil 20 tun watan Satumba na 2023. A manyan titunan Faransa kilomita 130 ce, idan ana ruwa ta sauko zuwa 110. A Amurka, in motar ɗaukar 'yan makaranta ta tsaya ta kunna jajayen fitilu, wajibi ne na bayanta ya tsaya cik har ta tashi. Riƙe waya ana tuƙi a Birtaniya tarar fam 200 ce da maki shida. Mai tafiya da iyali kuma ya sani cewa a can yaro yana buƙatar kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, kamfani kuma kuɗi yake karɓa a kanta.

Gidan mai yana da nasa tarkon, musamman ga mai jin Hausa. A nan idan aka ce gas, man dizal ake nufi. A Amurka kuwa fetur ake kira gas. A Ingila bakin famfo mai launin kore na fetur ne, baƙi na dizal, alhali a Amurka kore ya fi zama na dizal. A yawancin waɗannan ƙasashe ba mai zuba wa mutum mai, shi zai zuba da hannunsa. Zuba fetur a motar dizal yana lalata inji, kuma ba ya cikin abin da inshorar haya ta saba biya. Wanda ya gane ya yi wannan kuskure kada ya tayar da motar, ya kira kamfani daga inda yake.

Ɗan sandan da ba a gani

Direban da ya saba da shingen hanya, inda ake tsayar da shi a yi magana baki da baki, zai yi mamakin tafiyar ɗaruruwan kilomita ba tare da wani ya ɗaga masa hannu ba. Kyamarori ne ke aikin. A Sa'udiyya tsarin Saher yana ɗaukar lambar duk motar da ta wuce ƙa'idar gudu ko ta keta jar danja, abin da ya kamata mai niyyar tuƙa kansa tsakanin Jidda da Madina lokacin Umra ya sani. A Dubai ƙofofin kuɗin hanya na Salik, waɗanda aka fara a 2007, ba su da shinge ko mai karɓa, mota na wucewa ake rubuta mata kuɗi. A tsakiyar Landan akwai harajin cunkoso da aka soma a 2003 a kan fam 5 a rana, ya kai fam 15 a 2020, mai haya ne kuma zai biya da kansa ta intanet. Mashigar Dartford a kan kogin Thames an cire mata rumfunan karɓar kuɗi tun 2014, wanda ya haye yana da zuwa tsakar daren washegari ya biya. A biranen Italiya irin su Roma da Florence akwai unguwannin da aka hana motocin baƙi shiga, alamarsu farin allo mai jan da'ira da haruffan ZTL, kuma kowace shiga tararta daban. Siwizalan da Ostiriya suna buƙatar shaidar biyan kuɗin manyan tituna, wadda motar da aka ɗauko daga wata ƙasa ba lalle ta zo da ita ba. Ƙetare iyaka da motar haya ma sai da iznin kamfani.

Idan kuwa ɗan sanda na zahiri ya tsayar da mutum a Amurka, ƙa'ida ita ce ya gangara gefe, ya zauna cikin mota, ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari, kada ya fito don gaisuwa ko ba da haƙuri, kada kuma ya kai hannu aljihu sai an ce ya kawo takarda. Miƙa wa jami'i wani abu da sunan na goro laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku. In haɗari ya faru, lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka. A ƙasashen yankin Gulf ba a gyara motar da ta yi karo sai da rahoton hukuma, saboda haka sasantawa a bakin hanya, kowa ya kama gabansa, barin mai haya take yi da asara.

Ranar mayarwa a cika tanki a gidan mai mafi kusa, a adana rasit, domin man da kamfani ya zuba da kansa ya fi na kasuwa tsada nesa ba kusa ba. Kwanan haya awa 24 ne daga lokacin da aka karɓi mota, jinkirin da ya wuce kamar rabin awa kuma yana iya zama kuɗin kwana guda. Ya fi kyau a mayar a lokacin aiki, ma'aikaci ya duba motar a gaban mai haya ya sa hannu cewa lafiya take, maimakon jefa makulli a akwati da tsakar dare.

Tarar kyamara ba ta zuwa nan take. Hukuma kamfani take aika wa takarda, kamfani ya ba ta sunan mai haya da adireshinsa, sa'an nan ya cire nasa ladan aikin daga katin da aka bari, a kan kowace tara guda. Ta Italiya takan ɗauki watanni kafin ta iso. Ma'aikacin da ya dawo ya riga ya miƙa lissafin tafiyarsa ga ofishin kuɗi zai ga an cire masa kuɗi daga waje ba zato, ba kuwa ma'aikatar da za ta biya masa tarar laifin hanya. Don haka takardar yarjejeniya, da rasit na mai, da hotunan motar, a ajiye su wuri guda aƙalla shekara ɗaya bayan dawowa, kada kuma a rufe katin da aka yi hayar da shi kafin jinginar ta dawo.